Idanun Inna

Ina ƙarama a Roni idanun Innata suka firfito, ko barci take ba sa rufuwa. Wata la'asar ɗan Talatu maƙwabciyarmu ya sume, mata suka cika gidanmu.

"Mayya mai idon mujiya, saki kurwar ɗana!" in ji Talatu.

Suka kwantar da yaron a tsakar gida, suka fizge zanen Inna, wai sai ta tsallake shi zai tashi. Ba ta roƙe su ba. Ni ta kalla.

"Rufe idonki, 'yar nan. Ni nawa ba sa rufuwa."

Daga baya likita ya ce ciwon maƙoƙo ne ya turo idanunta waje. Har yau Talatu tana gaishe ni. Kallonta kawai nake, ba ƙiftawa.