Magudanar da Aka Haƙa a Bayan Kurmi

Injiniya, na ji bayaninka. Ka ce manhajar da kamfaninku ya ɗora sana'arsa a kai buɗaɗɗiya ce, ta kowa da kowa, ku da sauran kamfanoni kuna gasa a kasuwa amma kuna haɗa hannu wajen gyaranta. Yanzu ma'aikatanka sun gano wani gyara mai kyau, kana so ku kwafi manhajar ku koma gefe da ita, kada gyaran ya kai ga kowa. To, gyara zama. Ni ban iya danna kwamfutarku ba, amma na san halin ruwa.

A wata fadama an yi manoman rani wajen ashirin, duk albasa suke nomawa. Ranar kasuwa kowa ya kasa tasa yana kushe ta maƙwabcinsa, har da harara. Amma magudana ɗaya ce ke kawo musu ruwa daga kogi, kogin kuwa ba shi da alkawari, kowace damina sai ya ɗan gusa ya bar yashi a bakinta. Don haka da kaka ta wuce sai a yi gayya, a buga ganga, a yashe magudanar, a ja bakinta zuwa inda ruwa ya koma. Wuni ɗaya an gama, a zauna gindin tsamiya a sha fura ana tsokanar juna. Cikinsu akwai wani mai basira, wannan kam ba a raba shi da ita ba. Shi ya lura yashi na shanye rabin ruwan kafin ya iso gona, ya yi ta gwaji har ya gano in aka cuɗa ƙasar suri da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, aka shafe cikin magudana, ko ɗigo ba ya ɓacewa. Sai zuciya ta raya masa, in ya faɗa, albasar kowa za ta kai tasa girma, to shi ina ribarsa? Ya bi ta bayan kurmi ya haƙa tasa magudanar shi kaɗai, ya shafe ta, ya daina zuwa gayya.

Shekarar farko abin ya yi masa daɗi, kowace albasa sai da hannu biyu ake tallabarta. Da kogi ya gusa, kwana uku ya yi yana jan bakin magudanarsa. Shekara ta gaba mako guda, ta gaba da ita mako biyu. Ɗan ƙwadago ma bai isa ya ɗauka ba, don kada ya ga shafen ya kai labari. Yana sunkuye cikin yashi sai iska ta kawo masa kiɗan gayya daga can ƙetaren kurmi, da dariyar mutanen da ya san muryar kowannensu. Sau biyu aka aiko kiransa ya ce yana da uzuri, daga nan aka daina, ba don fushi ba, an dai saba da rashinsa. Gaskiyar magana kewa ta ci shi. Mutum ya wuni yana haƙa babu mai ce masa sannu da aiki, furarsa ma a tsaye yake shanye ta.

A shekara ta biyar kogin ya yi nisan da bai taɓa yi ba, shi kuwa ya riga ya yi dashe, ya dogara da ɗan ruwan da ya kwanta a magudanarsa. Ruwan ya ƙafe. Ya yi haƙa har tafinsa ya fashe bai kai ko rabi ba, ga ganyen albasa ya fara yin rawaya. Abin da iyalinsa za su ci har damina ke nan. Ya haɗiye girman kai, ya cika ƙwarya da cuɗinsa, ya kai wa sarkin noma mai kula da magudanar jama'a, don ya ba da sirrin a ba shi ruwa. Dattijon ya taɓa ya shinshina, ya ce, "Allah sarki. Ai shekara uku ke nan wani ya gano wannan, wani kuma ya ƙara masa toka, ba ya ko tsagewa. Ruwa na Allah ne, je ka fasa ka haɗa da taka." Ya ɗauki fartanya da sauri ya fasa tudun da ke tsakaninsu, ruwa ya ƙi shiga. Ashe duk shekarar da aka yashe magudanar jama'a tana ƙara zurfi, kowane manomi kuma yana sassauke gonarsa kaɗan-kaɗan yana bin ta. Tasa gonar tana nan inda ya bar ta, kamu biyu sama da ruwan, ruwa kuwa ba ya hawa tudu. Ya koma ɗiba da guga, kafin fangalin albasa ɗaya ya ƙoshi goma sun bushe sun dare. Babu wanda ya hana shi komai, lokacin gayya ne ya wuce, kowa na can kan ban ruwan gonarsa. Ranar da fangalin ƙarshe ya kwanta, ya zauna a bakin magudanar jama'a ya sako ƙafafu, ruwa na wucewa ƙarƙashinsu, ƙwaryar sirrinsa a gefe ta bushe ta tsage.

Manhajar nan taku ma gusawa take yi, Injiniya, kuma duk ranar da ta gusa kai kaɗai za ka ja gyaran da ka ɓoye. Tun kafin a haife mu Hausawa suka ce, kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.