Jinjinar Da Ta Ci Gona

Kai da ba ka ƙaryata abin da ka gani a jarida, matso ka ji. An yi wani manomi da gwamnati ta ja layin sabuwar hanya ta tsakiyar gonarsa ta gado, wadda ita kaɗai ce cinsa da shansa. Ya yi ta safa da marwa a ofisoshi har takalminsa ya tsinke, ba wanda ya dube shi. Ran da gwamna ya zo aza tubalin aikin, bawan Allah ya kutsa cikin taro, ya durƙusa, ya dunƙule hannu ya ɗaga sama, yadda aka koya masa gaida manya kafin a kai kuka. Ya buɗe baki ke nan 'yan sanda suka yi awon gaba da shi. Ashe wani mai ɗaukar hoto ya riga ya ƙyasta.

Washegari jaridar da ke goyon bayan gwamna ta buga hoton, ta rubuta a ƙasa: "Manoma sun ba da gonakinsu da murna." Ta 'yan adawa ta buga wannan hoton dai, amma ta datse gwiwoyin da ke ƙasa, ta bar dunƙulen hannu da buɗaɗɗen baki: "Talaka ya nuna wa gwamna iyakarsa." Shi ko karatun boko bai iya ba, bayan an sako shi, a rumfar mai shayi aka karanta masa ana sheƙa dariya. Maƙwabtansa da hanya ta ci tare suka ce ya sayar da su, suka daina amsa sallamarsa. Ya koma ofis, aka ce, "Au, kai ne mai naushin? Je ka waɗanda suka aiko ka su ba ka gona." Ya rantse har ya gaji. Wallahi abin da ban takaici, duk cikin masu rubutun nan ba wanda ya taka ya tambaye shi me ya je faɗa.

Gero na bunni katafila ta shiga gonar. Yana tsaye a bakin kunya yana hawaye, ba mai hoto ko ɗaya. Wancan mai hoton kuwa yana birni, ana ba shi lambar yabo, jaridun kuma sun ƙare a hannun masu talla suna ƙunshe kaya da su. Dama Hausawa sun faɗa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.