Tattakin Baba Mai Agogo

Gumi na ɗiga daga gemun Baba Mai Agogo, ƙirjinsa na sama da ƙasa kamar zugazugi. Ya dogara sanda, ya gyara malafa, ya tsaya yadda ruwan da ke zubowa daga saman dutse zai fito sosai a bayansa.

"Baba, ɗaga haɓa," in ji Mai Hoto. "Yawwa! Sak wanda ya ci hamada da yaƙi."

Nan take hoton ya tafi wayar 'yarsa nas, wadda yake kira Uwata domin sunan mahaifiyarsa ta ci. Har faɗan mahaifiyar ta gada.

Wata uku ke nan da likita ya ce jininsa ya hau. Shekara arba'in bawan Allah yana zaune kan kujera ɗaya, gilashi maƙale a ido yana tonon cikin agogo, ƙafafu kuwa ado ne kawai. Uwata ta yanke hukunci: ko dai ya riƙa bin ƙungiyar dattawan da ke tattaki duk Asabar zuwa kwazazzabon bayan gari, har gindin ruwan, ya turo hoto shaida, ko ta garƙame shagon ta mayar da shi gidanta.

Shagon nan kuwa ransa ne. In aka raba shi da ƙarar agogunansa an gama da shi.

Sau ɗaya ya gwada. Tun kafin a shiga kwazazzabon ya ga duwatsu ja-ja sun tokare sama, rana na dukan ƙeya, ya ce shi dai ba da shi ba. Ya juyo gida yana tsaki.

Washegari sai ga wani saurayi ya kawo agogon da lafiyarsa ƙalau wai a duba. Hira ta yi hira, ashe mai hoto ne, kuma yana da wani labule a ɗakin hotonsa, kwazazzabon nan ne ɗungurungum aka buga a jiki, da ruwansa, da wata shirwa a sama. Baba ya ce kai, Allah gatan bawa.

Suka shirya zai riƙa ɗaukar Baba hoto gaban labulen, sai dai Mai Hoton ya kafa sharuɗɗa. Kada ya zo a kan babur, wani zai gani ya kai tsegumi. Kada ya shiga motar haya, rabin direbobin garin Uwata ta taɓa yi musu allura. Ɗakin hoton kuma yana can ƙarshen gari, hawa na biyar, lif ɗin da ke hawa da mutane sama kullum da takarda manne wai ya lalace.

To, mai neman tsira ai ba ya ƙin wahala. Duk Asabar Baba kan bi lungu-lungu da sassarfa, tafiyar awa ɗaya da rabi, yana waige. Ya hau matakala tamanin da huɗu yana tsine wa wanda ya gina benen. Daga baya har ranar Laraba Mai Hoto kan kira shi, wai hoton bai fito ba sai an sake. Gumin dai na gaske ne, shi ya sa hotunan ke da kyau.

Abu ɗaya ke ɗaga masa hankali: shirwar nan. Hoto goma sha biyu, tana wuri ɗaya, ko fiffike ba ta kaɗa ba. Ga shi Uwata ido gare ta kamar me.

Ranar awo ta zo shagon da kanta. Ta naɗa masa abin gwajin a dantse, ta matsa, ta zuba wa lambobin ido. Baba ya ji zuciyarsa ta fi duk agogunan bango ƙara. Makullin shagon na kan tebur, tsakaninsa da ita.

Ta sake gwadawa. Sannan ta tura masa makullin.

"Baba, jini ya sauka. Lalle kwazazzabon nan ya karɓe ka."

"Ai ruwan wurin ne, Uwata," ya ce, ko kunya babu. "Sanyinsa har ƙashi."

Asabar ta zagayo, ya hau benen bai tsaya hutu ko sau ɗaya ba. Ya ba Mai Hoto labari yana dariya har da ƙwalla.

"Yaran zamani da karatunsu! Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Mai Hoto ya ce gaskiya ne, Baba. Ya raka shi bakin matakala, ya saurari takunsa har ƙasa. Sannan ya ɓare takardar da ke jikin lif ya cusa aljihu, ya ɗauko waya.

"Anti nas, ya tafi. Yau ko haki bai yi sosai ba."

"Madalla," in ji Uwata. "Sati mai zuwa ka mayar da labulen da na saya maka hawa na bakwai."