Tofin Inna

Ranar awo, cikin Lantana na wata biyar, malamar asibiti ta tambaye ta, "Cututtukan wane gari za mu koya wa garkuwar jikin jaririn? Allurar sau ɗaya ce, ba a sakewa."

"Abuja," in ji Lantana, ko tunani babu. Wa zai koma ƙauye?

Yau ga mahaifiyarta ta zo tun daga Gwaram ganin jika. Tsohuwar ta karanta addu'a, ta sunkuya za ta tofa masa a ka.

"Inna, kar ki tofa! Jikinsa bai san cututtukan gida ba."

Inna ta ɗago. Ta juyo, ta tofa wa Lantana a goshi.

"Ke dai jikinki ya san ni."