Kofin da Baƙo Ya Sha

"Bar ni in harbi damisa a dajinka," in ji Baturen mulki, "ni kuma in shigar da kai kulob ɗinmu, inda Ba'indiye bai taɓa zama ba."

"Na yarda, Sahib," in ji mai ƙasarmu, wanda gonaki da dajin yankin duk nasa ne. "Amma a kan kujera. Gwiwoyina sun gaji da tsayuwa a ƙofarku."

Ranar farauta Bature ya sha shayi a gidan mai ƙasa. Yana fita aka fasa kofin, aka wanke wurin da ruwan kogin Ganga mai tsarki, tunda bakin mai cin naman shanu, abin ƙyama a addinin Hindu, ya taɓa shi.

Ranar kulob mai ƙasa ya naɗa rawanin kakansa. An ba shi kujera kam, har da shayi, amma a baranda, shi kaɗai. Da ya tashi tafiya, kafin ya kai ga keken dokinsa ya ji ƙarar tangaran a bayan kicin. Matar Bature ce ta sa a fasa nasa kofin.

Mai ƙasa ya yi asarar damisa da kofi da mutuncinsa, Bature bai rasa komai ba sai kofi guda. Riba kuwa tawa ce, ni da na tsufa ina sayar wa gidajen biyu kofuna.