Tsayin Kantar Kicin

"Ƙara rage tsayin," in ji Malam Abdulbaƙi.

Inuwa mai aikin dutse ya ɗago daga awon da yake yi. "Malam, na fa rage. Duk unguwar Kusfa ban taɓa kafa kantar kicin ƙasa haka ba. Ciwon baya zai kama Hajiya."

"Ita ta zaɓi dutsen nan da kanta a Ƙofar Doka. Tsayin kuwa ka bar mini. Ka goge kusurwoyin ma, kada su yi kaifi."

Inuwa ya yi yadda aka ce. Bayan la'asar ya ɗora dutsen, baƙi wuluk, sai sheƙi yake.

Malam ya daɗe yana shafa shi. Sannan ya ce, "Raihana, zo ki gwada."

Wata yarinya da ba ta wuce shekara tara ba ta shigo, ƙannenta biyu riƙe da zanenta. Ta ɗora tukunya, ta leƙa ciki.

"Baba, yanzu ina kaiwa."

Inuwa ya sauke tef ɗinsa na awo a hankali.

"Allah ya jiƙan Hajiya," in ji shi.