Jan Takalmin Hagu

Ƙafata ta hagu ba ta kai ta dama tsawo ba, shi ya sa aka yi wa takalminta ƙasa mai kauri, baƙi ƙirin kamar guntun tayar mota. 'Yan lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, a unguwar Ridina "arja" suke ce mini, gurguwa ke nan da Larabcinsu.

Ranar jajiberin wata Sallah da la'asar na tsaya a gaban Baba, na ce ni dai tela ya ƙara wa zanena tsawo har ya riƙa jan ƙasa, in ba haka ba babu inda zan fita.

Baba baduku ne, zaurensa kullum warin fata da bagaruwa. Ya miƙo hannu ya ce, "Ciro takalmin, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ya jawo jar fatar akuya, wadda yake ta ɓoyo don jakar wani alhaji, ya sa mata wuƙa. Ya naɗe kaurin nan da ita, ya bi da koren zare yana fitar da ƙananan ganyaye. Na fashe da kuka, na ce ai yanzu kowa zai gani.

"Da ma nan suke kallo," in ji shi, zare a bakinsa. "To, bari su sami abin kallo."

Baba ya daɗe da rasuwa. Har yau in tela ya sauke awo ƙasa wai zai rufa mini asiri, sai in kama hannunsa in mayar da shi saman idon sawu.